Maganin asenik ya taɓa bugun zuciyar yayana, ina neman shawara

Assalamu alaikum. Likitoci da masana magunguna, don Allah ku taimaka mana.

Yayana na kwance a asibiti nan Zariya da sankarar jini, irin wadda ake kira APL. Ana sa masa maganin asenik (arsenic trioxide) ta ƙarin ruwa, yana haɗawa da ƙwayar ATRA. Jiki ya fara kyau, har yana ɗaga kofin kunu da kansa. Sai gwajin bugun zuciya na ECG ya nuna tazarar QT, wato lokacin da zuciya ke ɗauka ta buga ta sake shiryawa, ta haura 500, aka dakatar da maganin. Likitarsa ta ce asenik na sa zuciya ta yi jinkirin shiryawa bayan kowane bugu, idan abin ya yi nisa bugun kan rikice, mutum ya suma, wani ma ya zama ajalinsa. Ana so fotasiyam ɗinsa ya wuce 4, maganiziyam ya wuce 1.8, sinadarai ne na cikin jini masu daidaita bugun zuciya.

Inda muka maƙale, amai da gudawa ke zubar da fotasiyam ɗin. A ƙara masa yau, gwaji na gaba ya sake sauka. An cire ondansetron da ke tsayar masa da aman, domin shi ma yana tsawaita QT. Ga zazzaɓin cizon sauro ya shigo, maganin kinin kuwa an ce ko kusa, shi ma saboda QT ɗin.

Wane maganin amai da na maleriya ake ba mai wannan larura? Tsaikon asenik ɗin nan kuma zai ba sankarar damar farfaɗowa? Ba ma ba shi komai sai likitarsa ta amince, so nake in san abin da zan tambaye ta. Allah Ya saka da alheri.