Ɗinkin sashiko: wane yadi, wane zare, ta ina ake farawa?

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina kallon hotunan barguna da ƙyallayen adon bango na Japan, masu ɗinkin farin zare a kan shuɗin yadi, wanda suke kira sashiko. Ina so in yi guda in rataya a falo. Na gwada da guntun shadda da zaren surfani, sai ɗinkin ya tattare, yatsana har ya yi kanta. Don Allah wadda ta san kan abin ta taimaka.

Hajiya Mai Ɗinki: Wa'alaikumus salam. 'Yata, shaddar ce ta wahalar da ke. Saƙarta a matse take, allura ba ta ratsa ta cikin sauƙi. Ki nemi yadin auduga mai laushi da sakwa-sakwan saƙa, irin akoko ko alawayyo, ki wanke shi ya gama shiga kafin ki sa masa allura. Ita ma allurar doguwa ake so, mai faɗin kafa. Ba ɗaya-ɗaya ake soka ɗinkin ba. Allura tana tsaye, yadin ne kike ninkawa a kanta, sama ƙasa, sama ƙasa, har ki tara biyar ko shida, sannan ki ja. Kina ja, ki bi layin da babban yatsa ki miƙar da shi. Wannan miƙarwar ce maganin tattarewa.

Ɗaliba a Sendai: Hajiya ta faɗi gaskiya. Bari in ƙara da abin da na gani a nan arewacin Japan, don ya canza min yadda nake kallon ɗinkin. Asalinsa aikin talakawa ne na zamanin Edo, tsakanin 1603 da 1868. A yankin Aomori sanyi bai bari auduga ta yi ba, manoma sai tufafin wani irin rama, wanda iska ke ratsawa. Jiragen ruwan fatake ne ke kawo tsummokaran auduga daga kudu, mata su saya, su jera su biyu uku, su bi su da ɗinki kusa-kusa don su yi kauri su riƙe ɗumi. Rigar da aka yi wa maho kan maho har ta wuce daga kaka zuwa jika ita ce boro. Wani mai bincike ɗan Aomori, Tanaka Chuzaburo, ya kwashe shekaru yana bin ƙauyuka yana tara su, a lokacin da mutane ke jin kunyar a gan su da irinsu. Masu kashe gobara a birnin Edo, wato Tokyo ta yanzu, su ma rigar sashiko suke sawa, a jiƙa ta sharkaf kafin a tunkari wuta.

Ranar da na tsaya gaban wata tsohuwar rigar barci mai suna donja, na ƙirga shuɗi kala-kala a wuri guda da bai fi tafin hannu ba. Wani ya koɗe ya koma fari-fari, wani har yanzu kamar baƙi. Layukan ɗinkin ba su miƙe sosai ba, kuma a nan kyanta yake.

Malam Tela: Ni zan yi magana kan awo. Ɗinkin da ke sama ya ɗan fi ratar da ke tsakaninsa tsawo, kamar uku da biyu, girman ƙwayar shinkafa. Inda layuka suka haɗu kada zare ya hau kan zare, a bar tsakiyar fili. In kin zo kwana, ki tabbata allura ta faɗa daidai kan kusurwa, ki bar zaren ya ɗan yi sako-sako ta baya. Ki zana layinki da allin tela da rula tukuna, kada ki dogara da ido.

Maman Biyu: Na gode Malam. To zaren fa? Dole sai na Japan?

Anti ta Damagaram: Ba dole ba ne. Ni da zaren kwarashi na auduga, siririn, na yi labulen ƙofar kicin, shekara biyu ke nan yana nan. Abin da za ki guje wa shi ne zare mai sheƙi da na roba.

Ɗaliba a Sendai: Anti, zai yi, amma akwai bambanci. Zaren sashiko ba ya sheƙi, ba a raba shi sili-sili kamar na surfani, kuma in aka yi wanki yakan ɗan kumbura ya kwanta cikin yadin kamar tare aka saƙa su. Zaren kamfanonin Olympus da Daruma su ne na fi gani a shaguna, allura kuma ta kamfanin Tulip ko Clover. In za ki sayi abu ɗaya tak daga waje, ki sayi allura da zoben tura ta. Zoben a gindin yatsan tsakiya ake sa shi, yana da ɗan faranti ta wajen tafin hannu, shi ke tura gindin allura. Kantar da kika yi, rashinsa ne.

Hajiya Mai Ɗinki: Shuɗin yadi kuwa ba sai kin je nesa ba. Su ma mutanen Japan da ganyen shuni suke rini, kamar yadda ake yi a marinar Ƙofar Mata a Kano, tsiron ne kawai ya bambanta. Sai dai kowane rinin baba na gaskiya yana zuba da farko. Ni na taɓa yin gaggawa, na ɗinka matashin kujera ban ɗauraye yadin ba, wankin farko farin zaren ya koma ruwan bula. Kwana goma na yi a kansa, abin ya yi min ciwo ƙwarai. Ki yi ta ɗauraya da ruwan sanyi har ruwan ya fita garau, ki shanya a inuwa.

Uwargida: Ni shawarata kada ki fara da na bango. Ki fara da ƙyalle kamu ɗaya da rabi kowane gefe. Su ma matan Japan a kan ƙyallen goge kwanuka, hana-fukin, suke koyo. Kuma zanen ɗinkin da ake kira asanoha, mai kama da tauraro, ki ajiye shi sai gaba, kusurwoyinsa sun yi yawa. Seigaiha, mai siffar igiyar ruwa, ya fi sauƙi, bakin kofin shayi ma ya isa ki zana shi. Akwai kuma hitomezashi: layi a kwance, layi a tsaye, duk tsawo ɗaya, sai ki ga zane ya fito da kansa inda suka haɗu.

Abu ɗaya ke damuna a hotunan da ake yaɗawa: a sayi sabon yadi, a yayyaga shi da gangan, a ce boro ne. Ga tsofaffin zannuwan iyayenmu jibge a akwati. Na bangon da na fi so cikin waɗanda na yi, da shuɗin zanen saƙin mahaifiyata na yi shi, Allah Ya jiƙanta. Inda ya ɓule na sa maho ta baya, na bi shi da layuka kusa-kusa.

Maman Biyu: Amin ya Allah. Wallahi akwai tsohuwar rigar babanmu ta saƙi a wurina. Zan fara da ƙaramin ƙyallen, sannan ita. In na kai ga na bangon, a sa masa auduga a tsakiya kamar bargo?

Malam Tela: Na bango ba ya buƙata, shafi ɗaya ta baya ya isa. In kuma kina son ya yi jiki, ki gama sashikon a kan na saman kaɗai, sannan ki haɗa da siririyar auduga, don allura ba ta tara ɗinki a abu mai kauri. Ki ɗinka masa aljihu dogo ta baya daga sama, faɗin yatsa huɗu, ki zura sanda. Ki rataya shi a bangon da rana ba ta bugu, shuni yana koɗewa.