Wai kasuwa ta koma Yamai? Gardamar 'yan fadarmu

Ɗan Birni: Salamu alaikum 'yan fada. Jiya na sauka daga Yamai. Duk mai ɗan jari ya tattara ya tafi can, kasuwar ƙasar nan ta koma tsakiyar Yamai. Daga Babbar Kasuwa zuwa unguwar Filato kantuna ne masu gilashi, bankuna, otal-otal. Mu nan Damagaram muna ta kaɗa ƙuda.

Alhaji Mai Kanti: Wa alaikumus salam. Kwana nawa ka yi, ɗana?

Ɗan Birni: Huɗu, Alhaji.

Alhaji Mai Kanti: To, baƙo ne kai, gilashi ka gani. Ka tambayi masu kantunan nan nawa suke biyan haya?

Malamin Lakwal: Alhaji, a bar yaron nan da gaskiyarsa. Tun 1926 da Turawa suka ɗauke babban birni daga Damagaram suka kai Yamai, albashi can yake sauka. Ministoci can, ofisoshin jakadanci can, manyan ma'aikata can. Inda ake biyan albashi ƙarshen wata, nan mai kanti ke kwana da kwanciyar rai. Dubi taron ƙungiyar Tarayyar Afirka na Yulin 2019: saboda shi aka gina Radisson Blu, aka sabunta filin jirgin Diori Hamani. Gadar Kennedy kaɗai ce a kan Kwara a Yamai tun 1970, yau gadoji uku ne.

Direban Kamyo: Malam, otal ba kasuwa ba ce. Ni da ke bin hanyar nan ta kilomita wajen 900 na san abin da nake saukewa. Buhunan da nake kaiwa kasuwannin Katako da Wadata su ne cinikin Yamai, kuma can babu gilashi, ƙura ce da 'yan dako kamar namu na Kasuwar Dole.

Hajiya Mai Atamfa: Ku bari in sa baki, ni na taɓa gwadawa. Na kama shago kusa da Babbar Kasuwa, mai gidan ya ce sai hayar shekara a hannu. Na biya. Sai ga juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta sa takunkumi, iyakar Benin ta rufe. Kayan da ke zuwa daga Kwatano suka koma Lome, su ratsa Burkina da rakiyar soja, sai ka manta ka yi oda kafin su iso. Sannan Faransawa suka tafi, Amurkawa suka bi su a 2024, da ma su da ma'aikatansu ne ke cika kwando a manyan kantunan nan. Na dawo gida da rabin jarina.

Ɗan Birni: Allah Ya mayar da alheri, Hajiya. Amma takunkumin ai kowa ya taɓa. Nijeriya ma ta rufe iyakarta.

Alhaji Mai Kanti: Ta rufe, ta buɗe a Maris 2024. Ta rufe a Agustan 2019 ma, muka ga bayanta. Abin da ba ka gane ba, Yamai teku take kallo, mu Kano muke kallo. In na tashi da asuba ta Matamaye da Daura, kafin la'asar ina Kantin Kwari. Da naira ta faɗi, jikar sefa ta yi nauyi a hannunmu, muka yi sari da araha. Tun zamanin Sarkin Damagaram Tanimu ayari ke bi ta nan, ba albashin kowa ya kawo shi ba.

Malamin Lakwal: Tarihi ba ya biyan kuɗin wuta, Alhaji. Matatar mai ta SORAZ tana nan bakin ƙofarmu tun 2011, ganga 20,000 a rana. Ina kantunan da ta haifar mana? Man a nan ake tacewa, hannun da ke sa wa takarda yana Yamai. Ruwan famfo ma sai mun yi layi.

Alhaji Mai Kanti: Wannan kam ba ni da amsa.

Direban Kamyo: Yau Alhaji ya sha ƙasa!

Alhaji Mai Kanti: Kan matata na yi shiru, kan kasuwa ban janye ba. Babbar Kasuwar da yake yabo ta ƙone ƙurmus a 1982, sai 1987 aka buɗe sabuwa. Shekara biyar 'yan kasuwa na rakuɓe.

Ɗan Birni: Duk da haka ni dai bayan salla zan koma in nemi shago.

Hajiya Mai Atamfa: To ƙanena, ka biyo gida tukuna, kantocin da na dawo da su suna nan a zaure. Zan yi maka sauƙi.