Wa ya tsaya muku ranar da Khartum ta kama da wuta?

Mai buɗe zance:
Salamu alaikum 'yan uwa. Asabar 15 ga Afrilu 2023, muna cikin goman ƙarshe na azumi, harbi ya tashe mu, yaƙi ya ɓarke a Khartum, babban birnin Sudan. Ina so kowa ya faɗi shugaban da ya gani da idonsa a makarantarsu a kwanakin nan. Nawa shi ne mushrif ɗin dakhiliyarmu, wato mai kula da ɗakunan kwanan ɗalibai, dattijo mai ciwon gwiwa. Ruwa ya ɗauke, wuta ta ɗauke. Da asuba na gan shi yana jan jarka biyu daga tankin masallaci zuwa ɗakunanmu, jallabiyarsa ta jiƙe har cinya. Na ce, "Ustaz, kawo mu ɗauka." Ya ce in je in tashi yaran su yi sahur. Iyalinsa suna Omdurman, tsallaken kogin Nilu, bai tafi ba sai da ya ga motarmu ta tashi.

Wata 'yar likitanci:
Wa alaikumus salam. Mu shugabar sashenmu ce. Bankuna a rufe, sai ta riƙa tura kuɗinta ta manhajar banki ta Bankak ana sayo mana ful, wato dafaffen wake, da burodi. Ranar ƙaramar Sallah da hannunta ta tuƙa mana tuwon asida. Ni da a da ko ofishinta nake tsoron shiga, wallahi ranar kuka na yi a kafaɗarta.

Wani ɗan Gadarif, a gabashin Sudan:
Yaya, mu Hausawan nan ƙasar ba mu da jirgin da zai kwashe mu, gida kawai muka nufa. Malaminmu na fiƙihu ya cusa mu biyar a motarsa har garin Wad Madani da ke kan hanyar gida. Duk shingen da aka tsayar da mu, shi ke fita ya ce 'ya'yansa ne.

Wani ɗan shekarar ƙarshe:
Allah ya saka musu. Mu kam namu ya kulle ofis tun ranar farko, wayarsa ba ta ƙara shiga ba. Takardun sakamakonmu na ciki. An ce babba juji ne, amma mu ko wanda za mu kai wa kuka ba mu samu ba. Har yau abin na ci mini rai.

Mai buɗe zance:
Sannu ɗan uwa, Allah ya fid da kai. Waɗanda suka hau motoci daga Jami'ar Ifriƙiya ta Khartum zuwa Arkin, iyakar Sudan da Masar, ku fa? Wa ya kwana da ku a saharar nan kafin Masar ta buɗe ƙofa?