Karin kumallo kafin shiga wuraren wasa na Dubai da Abu Dhabi: a ina, da ƙarfe nawa?

Maman Ikram:

Assalamu alaikum 'yan uwa. In Allah Ya yarda za mu kai yara Dubai a hutun Disamba, mu shida ne: ni da maigida da yara huɗu, babbar shekararta 13, autan kuma 4. Masaukinmu a Deira yake, wajen Naif, kuma kuɗin ɗakin babu karin kumallo a ciki. Mun tsara rana ɗaya a Dubai Parks and Resorts, wato Motiongate da Legoland, sai rana biyu a tsibirin Yas na Abu Dhabi, Ferrari World da Warner Bros. World. Tambayata ita ce a ina ya fi dacewa mu karya. Akwai wuraren cin abinci masu sauƙin kuɗi a kusa da ƙofar wuraren wasan, ko mu bari sai mun shiga ciki? Kuma me ya kamata yara su ci wanda zai riƙe su har azahar? Don Allah waɗanda suka san garin su taimaka.

Abu Safwan:

Wa alaikumus salam Hajiya. Ki cire batun "kusa da ƙofa" daga lissafi tun yanzu, domin wuraren nan ba a cikin unguwa aka gina su ba. Dubai Parks tana can Jebel Ali a gefen titin Sheikh Zayed, gab da iyakar Abu Dhabi, kusan kilomita 60 daga Deira. Abin da ke kewaye da ita otal-otal ne, da Riverland, wato dandalin shaguna da gidajen abinci na wurin, da kantin The Outlet Village, kuma yawancin gidajen abincin wurin ba sa tashi sai lokacin da wurin wasan kansa zai buɗe ko bayan haka. Yas ma haka take: tsibiri ne da aka tsara don baƙi, ba za ki samu ɗan shagon shayi a lungu ba. Wanda ya isa da ƙarfe 9 da yara masu jin yunwa, zai tarar da zaɓi biyu ne kawai, teburin otal mai tsada ko kofi da ɗan kek.

Shi ya sa agogo ne yake yanke wannan hukunci. Ki fara duba lokacin buɗewa na ainihin ranar da za ku je a shafin kowane wuri, saboda yana canzawa da kaka da kuma ranar mako. Galibi tsakanin ƙarfe 10 ne da 12 na rana. Daga nan sai ki yi lissafi da baya. Idan za a buɗe da 10, ku kasance a ƙofa da 9:30, domin akwai binciken jaka da layin tikiti, kuma sa'a ta farko ita ce lokacin da layin manyan lilo yake gajere. Zuwa Yas daga Deira ya haura kilomita 100, a ba shi sa'a ɗaya da rabi, wato tashi da ƙarfe 8. Ke nan karin kumallo ya zama tsakanin 7 da 7:40, a nan Deira, a ƙafa, kafin a kira mota. Ranar Dubai Parks kuna da sararin kamar rabin sa'a a kan haka.

Kuma kun yi sa'a da unguwa. Naif, Al Murar, Al Rigga da kewayen Baniyas Square cike suke da ƙananan shagunan da ake kira kafteriya, yawancinsu mutanen Kerala ta Indiya ne ke riƙe da su. Kamar teburin mai shayi ne a gida, sai dai a cikin shago: shayin karak mai madara da kadamom a ƙaramin kofin takarda, dirhami 1 zuwa 2, da farata, wato gurasar Indiya mai mai, a soya ƙwai a naɗe a cikinta, abin da bai cika wuce dirhami 5 zuwa 7 ba. Suna buɗewa tun bayan asuba, wasu ma ba sa rufewa. Mutum shida za su ƙoshi da abin da bai kai kuɗin faranti ɗaya na cikin wurin wasa ba.

Abin da ke ɓata wannan tsari shi ne cunkoson safe. A ranakun aiki, daga wajen 6:30 zuwa 9, motocin da ke kwararowa daga Sharjah suna cika hanyoyin Deira da gadojin tsallake Creek, wato mashigin ruwan da ya raba Deira da ɗaya ɓangaren Dubai. Ko da ƙarfe 8 aka tashi, an shiga cikinsa. Asabar da Lahadi su ne hutun mako a can tun 2022, hanya takan yi sauƙi, amma wuraren wasan sun fi cika.

Ummu Hanan:

Maman Ikram, abin da Malam Abu Safwan ya faɗa kan lokaci haka yake. Ni kan abincin kansa zan yi magana, domin a nan iyaye suke yawan kuskure. Ana cika wa yaro ciki da farata biyu da shayi mai madara da yawa, a sa shi a bayan mota sa'a ɗaya da rabi yana kallon waya, sannan a ɗora shi a kan lilo mai juyawa. Mai da madara suna daɗewa a ciki kafin su narke, motsi kuma yana tayar da su. Amai a mota ko a layi daga nan yake fitowa. Akasin haka ma matsala ne: yaron da aka ba shi kek da lemon kwalba kawai, kafin ƙarfe 11 ya fara kuka da jiri, saboda sukari ya hau ya sauka.

Ga ma'aunin da ya dace. Ɗan shekara 4: rabin farata da ƙwai ɗaya, ayaba ɗaya, da ruwa. Na tsakiya: farata ɗaya da ƙwai, ko manakish ɗaya, wato gurasar Lebanon da ake gasawa da cuku ko da garin za'atar (haɗin busasshen ganye da riɗi), wadda ake samu a gidajen burodin Larabawa a Rigga. Babbar da ku manya: ful, wato dafaffen wake da man zaitun da lemon tsami, kwano ɗaya ya ishi mutum biyu da gurasa, a haɗa da falafel kaɗan, wato ƙosan Larabawa. Wake da ƙwai su ne suke riƙe ciki har ƙarfe 1 ko 2. Idan za ki yi oda, ki ce kada a sa barkono a na yara, domin ƙwan kafteriya da yankakken ɗanyen barkono kore ake soya shi idan ba a hana ba, kuma wasu suna ƙara miyar yaji mai tsami a kai. Idli ma yana da kyau ga yaro mai tashin zuciya, wainar shinkafa ce ta Kudancin Indiya da ake turarawa, babu mai ko kaɗan.

Tsakanin loma ta ƙarshe da babban lilo a bar aƙalla sa'a ɗaya da rabi. Lilon Formula Rossa na Ferrari World yana kaiwa gudun kilomita 240 a sa'a cikin daƙiƙa biyar, har tabarau ake ba masu hawa saboda iska. Ba abin da za a hau da ciki cike ba ne. Idan kun karya da 7:30 a Deira, hanya ta riga ta ba ku wannan tazarar.

Sai batun jaka. Ba a shiga da abincin waje wuraren nan, ana buɗe jaka a ƙofa, sai dai abincin jarirai da na mai larura. Kada ki ɗauko kula cike da abinci da niyyar ci a ciki. Abin da ya fi shi ne ƙaramar leda don mota: dabino, ayaba, biskit marar zaƙi, da ruwa. Minti goma kafin a isa, kowane yaro ya ci dabino biyu ko uku ya sha ruwa, a gama da su kafin ƙofa. A sa ledar wofi da tsumma a kusa da mai tashin zuciya, kuma a zaunar da shi inda zai riƙa ganin gaban hanya.

Ɗan Kwari:

Hajiya, ni ina da ja a kan ranakun Yas. Yin tafiyar nan sau biyu, zuwa da dawowa, da yara huɗu, wahala ce da asarar kuɗi. Ku shida ba za ku shiga ƙaramar tasi ba, sai babba mai kujera shida, kuma kuɗin zuwa da dawowa na rana ta biyu ya kusa kuɗin kwana a can. Ku kwana ɗaya a Yas. Akwai jerin otal-otal a Yas Plaza, sannan akwai otal ɗin WB Abu Dhabi da ke manne da Warner Bros. World. Motar Yas Express tana zagaya tsibirin kyauta, tana sauke mutane a wuraren wasan.

A nan ne karin kumallon otal yake da riba, amma da sharaɗi: a saye shi tare da ɗaki. A shafin kama ɗaki za ki ga RO, ɗaki kawai ke nan, da BB, ɗaki da karin kumallo. Bambancin kuɗinsu yakan yi ƙasa sosai da abin da za a caje ku idan kuka sauko da safe kuka biya a ƙofar ɗakin cin abinci. Ki karanta ƙananan rubutun da kyau, domin sau da yawa BB na manya biyu ne kawai. Al'adar otal da yawa ita ce 'yan ƙasa da shekara 6 kyauta, daga 6 zuwa 12 rabin kuɗi, 'yar shekara 13 kuwa kuɗin babba. Ki rubuta musu shekarun yaran ki nemi amsa a rubuce kafin ki biya.

Ku sauko da 7:30. Daga 9 zuwa 9:30 kowa ke saukowa a lokaci guda saboda kowa wurin wasa zai je, sai a rasa teburin mutum shida, layin mai soya ƙwai kuma ya yi tsawo. Game da halal, hankali ya kwanta a ƙasar: tsiren alade da aka sani a Turai, a can da naman sa ko na talotalo ake yinsa. 'Yan otal ɗin da ke da lasisin sayar da alade suna ware masa teburi daban da rubutu a kai, sai a nuna wa manyan yara su sani.

Idan ba a samu BB ba, manhajojin waya na Talabat da Careem suna kawo abinci har ƙofar otal. A yi oda tun 7, a sauko a karɓa a ƙasa. Otal ɗin da ke da kicin a ɗaki, kamar Staybridge Suites, ya fi wa mai yara sauƙi: a sayi burodi, ƙwai, madara da ayaba tun daren a Yas Mall.

Maman Ikram:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Za mu duba batun kwana a Yas. Tambaya biyu suka rage. Ranar Dubai Parks muna tunanin hawa jirgin metro don rage kuɗi, ko za mu iya sayen faratar mu ci a cikin jirgi? Sannan idan yara suka makara ba mu samu karyawa a Deira ba, akwai inda za a tsaya a hanya?

Abu Safwan:

A'a Hajiya, ba a ci ba a sha a cikin metro, tarar dirhami 100 ce, har cingam yana ciki. Ku ci kafin ku shiga tasha. Sannan jirgin ba ya kaiwa ƙofar Dubai Parks. Za ku kama Jan Layi (Red Line) daga Union ko Al Rigga, ku sauka a tashar Ibn Battuta, tafiyar kusan sa'a guda, daga nan sai tasi ta ƙarasa da ku. Da sassafen ranar aiki jirgin a cike yake maƙil, yara za su tsaya a tsaye mafi yawan hanya. Ki kuma lura da Lahadi: jirgin da ke fara aiki da ƙarfe 5 a sauran ranaku, ranar Lahadi sai 8.

Idan an makara, a kan titin Sheikh Zayed akwai mafita. A ɓangaren Dubai gidajen man ENOC da EPPCO suna da shagon Zoom, a ɓangaren Abu Dhabi kuma gidajen man ADNOC suna da shagon Oasis. Akwai shayi, kofi, sanwic, laban (nono mai tsami), banɗaki, kuma yawancinsu da masallaci. Akwai kuma Last Exit a Jebel Ali, fili ne na motocin sayar da abinci, ɗaya a kowane hannu na titin, ba nisa da Dubai Parks. Ya fi kafteriya tsada nesa ba kusa ba, kuma abincinsa ya fi karkata ga baga (burger) da soye-soye, don haka a zaɓi mai ƙwai a bar mai maiƙo. Ranar Yas kuwa, wanda ya fi son abinci mai zafi da araha sai ya ratse garin Shahama, kafin a hau titin E12 da ke shiga tsibirin. Unguwar mazauna ce, akwai kafteriya da gidajen burodi, kuma daga nan zuwa Yas bai wuce kwata na sa'a ba. Sai dai wanda ya ci a Shahama ya rasa tazarar narkewar abinci, don haka ya fara da wasanni masu sauƙi, ya bar manyan lilo sai bayan sa'a guda. Idan da tasi kuke, ku gaya wa direba tun farko cewa za a tsaya, domin mita tana ci gaba da lissafi lokacin jira.

Ummu Hanan:

Ƙari ɗaya ga mai tunanin taho da abin karyawa daga gida. Hukumar kwastan ta Dubai ta sa dafaffen abinci na gida a cikin abubuwan da ba a shigo da su, don haka dambun nama da soyayyen kaza a roba suna iya tsayawa a filin jirgi. Ba ma sai an ɗauko ba: Indomie, Milo, madarar gari, hatsin ot da burodi duk suna nan a kantunan Deira. Idan autan ba ya karɓar baƙon abinci, ki tambayi otal ko akwai butar lantarki a ɗaki, ki dama masa abin da ya saba tun 6:30, sauran kuma su sauka kafteriya. Idan kun ƙara IMG Worlds of Adventure ko Global Village a jerin, su ba su da wannan matsi: na farko wajen tsakar rana yake buɗewa, na biyu sai da yamma, don haka a irin wannan ranar za ku iya tsallaka Creek da abra, wato ƙaramin jirgin ruwa na katako, zuwa tsohuwar unguwar Al Fahidi ku zauna a Arabian Tea House ku ci balalit, taliya siririya mai zaƙi da wainar ƙwai a kai, da cebab, wato fanken mutanen ƙasar, da zumar dabino.