Taƙaitawa: aiki da iyalan Aborijin a Ostireliya

An tattauna yadda ma'aikacin walwalar yara da iyali zai yi aiki da iyalan Aborijin, wato 'yan asalin ƙasar Ostireliya. Zancen ya yi tsawo, ga abin da na tsinto.

1. Kusan kowa ya yarda tarihi kan riga ma'aikaci shiga gida. Daga wajen 1910 zuwa shekarun 1970 hukuma ta riƙa ƙwace yaran Aborijin daga iyayensu. Firayim Minista Kevin Rudd ya nemi gafara a 2008, amma kakar da ta buɗe maka ƙofa wataƙila da ita aka tafi tana ƙarama. In ta hango motar gwamnati ta kora jikoki ɗaki, tsoro ne mai dalili.

2. Yaro ya kwana gidan goggo yau, gobe gidan kaka: kada a rubuta "sakaci". Renon dangi ne, mu ma mun san shi.

3. In raba yaro da gida ya zama dole, dangi tukuna, sai al'ummarsa, sai wani gidan Aborijin. Bare ne ƙarshe.

4. A jure shiru. A wasu al'ummomi ba a ambaton sunan wanda ya rasu, makoki kuma kan ɗauki makonni.

Inda aka rabu: wasu sun ce a bar aikin kacokan ga ƙungiyoyin da Aborijin ke gudanarwa. Wasu suka ce a ƙaramin gari kowa ɗan'uwan kowa ne, uwa za ta ji nauyin faɗa wa ma'aikaciya 'yar gida cewa miji na dukanta. Ni na fi karkata ga a tambaye ta wa take so.