Neman kalma: me za mu kira "aspect ratio" da Hausa? Darasin gobe ne

Mai Tace Bidiyo (Gangare): Assalamu alaikum. Jama'a a taimaka min. Gobe da ƙarfe goma na safe zan zauna da yaran shagunan tura fina-finai na unguwarmu, in koya musu juya tsofaffin faifai zuwa filashi ba tare da sun ɓata hoto ba. Takardar darasin duk da Hausa na rubuta, sai na maƙale a wuri ɗaya: "aspect ratio".

Ga abin da ya tayar min da hankali. Makon jiya gwaggona ta kai faifan DVD na ɗaurin auren 'yarta wani shago aka juya mata. Da muka kunna a waya, farantin goron da ke gaban liman ya koma kamar ƙwai a tsaye. Fuskar marigayi mijinta ta yi tsawo ta sirance, hularsa kamar an ɗora wata a kan wata. Ta daɗe tana kallo, ta ce wannan ba Alhaji ba ne, ta kife wayar.

Yaron bai yi da mugunta ba. DVD irin namu na tsarin PAL, wato tsarin bidiyon da ake bi a ƙasar nan, ɗigon hoto 720 yake ajiyewa a kwance, 576 a tsaye, ko da wace irin kyamara aka ɗauka. Akwai 'yar alama a ciki mai gaya wa na'ura ta buɗe hoton zuwa 4:3 (siffar tsohuwar talabijin) ko 16:9 (mai faɗi irin na filasma). Wurin juyawa alamar ta salwanta, hoton 16:9 da ya kamata faɗinsa ya buɗe har ɗigo 1024 ya tsaya a 720. Kusan kashi 30 cikin ɗari na faɗinsa an matse.

Na rubuta "girman hoto" na goge. Me kuka gani?

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. "Awon faɗi da tsayi." Kowa zai gane.

Mai Tace Bidiyo (Gangare): Anti, nan ne matsalar take. 720 da 576 su ne awo. Abin da nake nema sunansa shi ne dangantakar da ke tsakanin faɗin da tsayin, wadda ba ta canjawa ko a waya ko a bangon sinima. In na ce awo, yaro zai ɗauka lambobin da ya gani a kwamfuta su ne gaskiya, kuma kuskuren da ya ɓata faifan gwaggo ke nan.

Ɗan Wuse: Bros kada ka wahalar da kanka. Nan Abuja "reshiyo" muke cewa, kowa na ganewa. Rubuta shi da harafin Hausa ka wuce.

Almajirin Nahawu: Ni "nisba" na gani. Da ita Larabawa ke kiran wannan a lissafi. Nisbar faɗi da tsayi.

Malamin Hausa: Ba reshiyo, ba nisba. Kullum sai mun je ƙofar wani da ƙoƙon bara? Na daɗe da ƙirƙiro wa wannan abu suna, ina amfani da shi da ɗalibaina: "faɗi-tsayi". Gajere ne, kuma ginin Hausa ne tsantsa, irin su shige-da-fice da kai-komo. Sai ka ce "faɗi-tsayin wannan faifai 16:9 ne". Ɗauki wannan, ɗana, ka huta.

Maman Ilham: Allah ya gafarta Malam, da na gan shi a rubuce "faɗi-tashi" ne ya zo min a rai. Na zaci faɗuwa ake nufi. A baki za a bambance, amma takarda zai raba wa yaran.

Malamin Hausa: Hajiya, "faɗi" na magana da "faɗi" na faɗuwa da "faɗi" na yalwa duk haka muke rubuta su tun da aka fara boko, ba wanda ya ɓace. Jimla ce ke fayyacewa.

Almajirin Nahawu: Malam, da girmamawa, in aro bara ne to "darasi" da "kalma" da "allo" duk daga Larabci suka zo. Wanne za mu mayar?

Malamin Hausa: Waɗannan sun shekara ɗaruruwa a bakin kakanninmu, sun zama 'yan gida. Nisba kuwa ɗan Islamiyya ya san ta da wata ma'ana, irin Bakano da Bazazzagi. Amma ban yi mamaki ba. Hausar Jos da ta Abuja rabi Turanci ce, kunne ya saba da aro.

'Yar Nasarawa Gwong: A'a Malam, wannan kam ban yarda ba. Hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wadda aka kafa a 1979, a Jos take. Makarantar koyon fim ta ƙasa a Jos take, haka kwalejin talabijin ta NTA. In ana maganar kyamara da tace hoto da Hausa, ba za a ce mu koma gefe mu yi shiru ba. Kuma Hausar da muke yi da Birom da Angas da Ibo a kasuwar Terminus ta Jos ita ke ɗauke da harshen zuwa inda littafi bai kai ba.

Ɗan Wuse: Faɗa masa, Anti. Kalmar da ba a faɗa a shago ta mutu tun a takarda.

Malamin Hausa: Ban raina kowa ba. Amma shago ba makaranta ba ne. Irin wannan aiki na masana ne, kamar Cibiyar Nazarin Harsunan Najeriya ta Jami'ar Bayero, ba a yanke shi da yawan hayaniya.

Mai Tace Bidiyo (Gangare): Don Allah iyayena a yi haƙuri. Goma saura na dare yanzu, kuma sai na kai takardar a buga kafin takwas.

Tela Rikkos: Ni ba ɗan boko ba ne, amma bari in sa baki. In uba ya kawo yadi ya ce a ɗinka masa kaftani shi da ɗansa iri ɗaya, awonsu daban ne. Na uban tsawo 58 ne, na yaron bai fi 30 ba. Amma in na rage tsawo ban rage kafaɗa da hannu gwargwadonsa ba, yaron zai fito kamar an sa shi a buhu. Abin da kake nema gwargwado ne. Gwargwadon faɗi da tsawo.

Mai Tace Bidiyo (Gangare): Baba, Allah ya ƙara girma! Na gwada shi a jimlolin darasin, ku ji yadda ya zauna:

"Awon VCD 352 da 288 ne, amma gwargwadonsa 4:3, don haka a fitar da shi 384 da 288."

"DVD mai gwargwadon 4:3 a fitar da shi 768 da 576, mai 16:9 kuma 1024 da 576. Faifan Amurka awonsa 720 da 480 ne, kada a yi masa lissafin namu."

"Kada ka ja tsohon fim don ya cika allon filasma. Za ka ƙara wa kowa faɗi da kashi ɗaya bisa uku. Bar baƙin da ke dama da hagu, ba lalacewa ba ce."

Har gwajin ma ya yi sauƙin faɗa: nemi abu mai da'ira a cikin fim ɗin, tayar mota da aka ɗauka daga gefe ko agogon bango, ka buɗe a manhajar kallon bidiyo ta VLC kana danna harafin A har ya koma da'ira sosai. Gwargwadon da ya tsaya a kai shi ne na gaskiya.

Maman Ilham: Ya zauna. Amma tsayi ko tsawo? Baba ya ce tsawo.

Tela Rikkos: Mu a kan tebur muke shimfiɗa yadi. Allo a tsaye yake, ku sa tsayi.

Malamin Hausa: Kalma huɗu a madadin ɗaya. Wa zai riƙa faɗin wannan a rediyo? Kuma gwargwado ya fi ƙarfi wajen "daidai gwargwado" da "gwargwadon hali". Faɗi-tsayi ya fi shi kama da sunan abu.

'Yar Nasarawa Gwong: Sau ɗaya zai faɗe shi cikakke, Malam, daga nan "gwargwadon hoto" ya isa. Kuma ma'anar da ka kawo ita ake so: kowane gwargwadon ɗan'uwansa.

Malamin Hausa: Ban gamsu ba, amma ya fi reshiyo nesa ba kusa ba. In ka ga dama ka sa nawa a gefe, yaran su zaɓa. Kuma 4:3 a karanta "huɗu ga uku", ba "huɗu bisa uku" ba, wannan na kason lissafi ne.

Mai Tace Bidiyo (Gangare): Na karɓi "huɗu ga uku", Malam, na gode. Faɗi-tsayi zan ambata da baki, amma a takarda gwargwado zan sa.

Ɗan Wuse: Yaran dai reshiyo za su ce in sun koma shago. Amma tambaya ta gaske: faifan gwaggon sai an sake juyawa daga farko?

Mai Tace Bidiyo (Gangare): Ba dole ba. Da manhajar juya bidiyo ta ffmpeg ana mayar da alamar kawai, a rubuta mata umarnin -c copy da -aspect 16:9, ba a taɓa hoton ba, cikin ɗan lokaci an gama. Sai dai wasu talabijin ba sa duba wannan alamar in an sa filashi. Shi ya sa na karɓo faifan asali, zan fitar mata 1024 da 576 ta kalla ko'ina.

Saura guda. Akwai faifan 4:3 da aka cusa fim mai faɗi a ciki, baƙi ɗigo 72 a sama, 72 a ƙasa, hoton 432 a tsakiya, sai an yanke baƙin kafin a buɗe. Turawa na ce masa "letterbox". Na sa "baƙin sama da ƙasa" na wucin gadi. In akwai wanda bai kwanta ba, ina nan har sha ɗaya.