Neman shawara kan sayen irin tafarnuwa da shuka shi a tsakar gida

Uwargida daga Ɗorayi:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar noman tafarnuwa, domin na gwada sau ɗaya ban ci riba ba, kuma ba na son in sake yin asarar kuɗi da wahala a kan jahilci. A daminar da ta wuce, cikin watan Yuli, na sayi farar tafarnuwa mai manyan ƙwayoyi a wurin mai kayan miya na unguwarmu, na ɓare ta, na binne a wani ɗan fili da ke bayan ɗakin girkina. Kusan rabinta ta ruɓe a cikin ƙasa ba tare da ta tsiro ba, sauran kuwa ta yi ganye kore shar har na fara murna, amma da na tuge bayan wata uku sai na tarar babu kai ko ɗaya, sai jijiya kawai. Yanzu ga shi muna ƙarshen Oktoba, ina so in sani: wace iri ya kamata in saya, a wace kasuwa, kuma yaushe ne lokacin shukar? Filin bai fi tabarma biyu ba, kuma ruwanmu na 'yan garuwa ne. Allah ya saka da alheri.

Tsohon Manomin Kura:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kuskure biyu kika haɗa a lokaci guda, kuma ko ɗaya daga cikinsu ya isa ya hana ki girbi. Na farko shi ne lokaci. Tafarnuwa a ƙasarmu amfanin rani ce, ba ta damina ba. Duk inda ake noma ta da gaske, ko a nan yankin Kano inda ake ban-ruwa, ko a Wurno da Goronyo a jihar Sakkwato, sai ruwan sama ya ɗauke, sanyi ya fara bugawa, sannan ake sa ta a ƙasa, wato daga watan Nuwamba zuwa farkon Disamba. Dalilin kuwa shi ne tana buƙatar sanyin hunturu ta yi ganye mai ƙarfi, sa'annan idan zafi ya fara shigowa sai ta tattara abincin da ke ganyen ta mayar da shi kai. Wanda ya makara har Janairu zai ga zafin Maris ya riske ta tana ƙarama, sai ta ba shi kawuna kamar goron biri. Ke kuwa da kika shuka a tsakiyar damina, ba ta sami sanyin ba, ga kuma laima da ta hana ƙasa shan iska, shi ya sa ta ruɓe.

Na biyu shi ne irin. Wannan fara mai manyan ƙwayoyi da ke cika ido a faranti, galibinta daga ƙasar Sin ake shigo da ita, kuma a can ne ake noma mafi yawan tafarnuwar duniya. Ta saba da sanyin da ba mu da irinsa a Kano, ta kuma daɗe a ajiya da kan hanya kafin ta iso hannun mai kayan miya. A tukunya ba ta da laifi, ko da yake ni a bakina ba ta kai tamu yaji da ƙamshi ba, amma a matsayin iri ba na ba kowa shawarar ya dogara da ita. Ki nemi 'yar gida, wadda kawunanta ƙanana ne, ƙwayoyinta sirara kuma masu yawa, ɓawonta sau da yawa da ɗan ja-ja. Ki aiki wanda ya iya ciniki zuwa 'Yankaba ko kasuwar Rimi, ya faɗa wa mai sayarwar ƙarara cewa ta shuka ake nema, wadda aka girbe a ranin da ya gabata. Wannan ta riga ta huta watanni, a shirye take ta tsiro; sabuwar cira kuwa takan yi barci na wani lokaci kafin ta farka.

Wajen zaɓe, a ɗauki kan a matsa shi da yatsa. In ya yi tauri kuma yana da nauyi, a saya. In ya lotsa, ko ya yi sakayau, ko akwai baƙin gari a gindinsa, a ajiye wa mai shi kayansa. Kada ki ɓare kawunan sai ana gobe shuka, kuma kada ki cire wa kowace ƙwaya rigarta, domin ita ce ke kare ta daga ruɓewa. Ki ware manyan ƙwayoyin da ke gefe ki shuka, ƙananan na tsakiya ki kai su turmi. Mutane da yawa suna yin akasin haka saboda rowa, su cinye manya su shuka ƙanana, alhali girman kan da za ki cira yana bin girman ƙwayar da kika binne.

Maman 'Yan Biyu, Tarauni:

Baba ya gama magana a kan iri, ni kuma zan ƙara abin da na gani a gidana, tunda shekara uku ke nan ina yi kuma ba ni da ko taƙi ɗaya na ƙasa, duk siminti ne. A tsofaffin buhunan shinkafa nake shukawa. Nakan naɗe bakin buhun har tsawonsa ya koma kamar santimita 25, in huda gindin a wurare da yawa, in cika shi da ƙasar jigawa kashi biyu da busasshen kashin awaki kashi ɗaya. Buhu ɗaya yana ɗaukar ƙwaya 8 zuwa 10 ba tare da sun matsu ba. 'Yar'uwa, abin da zan ja kunnenki a kai shi ne rana. Kin ce filin yana bayan ɗakin girki, to ki tsaya ki lura ko katanga tana tare shi, domin a lokacin hunturu rana tana karkata kudu, sai ki ga wurin da yake samun haske a damina ya koma inuwa. In bai samu kamar awa shida na rana ba, gara ki koma buhu ki ajiye inda hasken yake. Sai kuma kaji, in kina da su. Ba cin ta suke yi ba, tono ne aikinsu, kuma a shekarata ta farko sun fitar mini da ƙwayoyin buhu biyu a wuni ɗaya. Tsohon gidan sauro ya raba mu.

Malamin Gona, Gwale:

Ina goyon bayan abin da aka faɗa, sai dai ina so in ba da ma'auni, saboda yawancin masu shukar gida zurfi da tazara ne ke kayar da su. A kafa ƙwaya a tsaye, tsininta sama, gindin da jijiya ke fitowa ƙasa, a zurfin santimita 3 zuwa 5, wato kamar gaɓa biyu na yatsa. Tsakanin ƙwaya da ƙwaya a bar santimita 10, tsakanin layi da layi 15 zuwa 20. Da wannan tazarar, filin tabarma biyu zai ɗauki ƙwaya fiye da 100, saboda haka Hajiya ba ta buƙatar sayen kwano guda, 'yan kawuna sun wadatar.

A wuri ɗaya kawai zan ɗan saɓa wa Maman 'Yan Biyu: kalmar busasshe ba ta isa ba, sai takin ya ruɓe ya koma kamar baƙar ƙasa. Ɗanyen taki, musamman na kaji, yana ƙona jijiya yana kuma jawo tsutsa. Game da ruwa, jijiyar tafarnuwa ba ta nisa, don haka kaɗan-kaɗan a kai a kai ya fi a malala mata sau ɗaya a mako. A tura yatsa cikin ƙasar. In an ji danshi a bari sai gobe. Ga mai sayen ruwa a hannun 'yan garuwa, shimfiɗa ɓuntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa a kan fangalin zai rage mata kashe kuɗi sosai, ya kuma danne ciyawa, wadda tafarnuwa ba ta iya kokawa da ita ko kaɗan saboda sirantar ganyenta. Idan aka ga ganyen ya yi fari-fari kamar an kankare shi, to wasu ƙananan ƙwari ne masu tsotso da ke ɓuya a tsakanin ganye, irin waɗanda ke damun albasa. A ɗan lambun gida, a daka ganyen darbejiya a jiƙa ya kwana, a tace a fesa da yamma.

Uwargida daga Ɗorayi:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Na duba wurin yau, kuma gaskiyar Maman 'Yan Biyu ne, rana ba ta sauka a kansa sai bayan azahar, don haka buhu zan nema. Tambayata ta ƙarshe, Baba: ta yaya zan gane ta nuna, tunda a wancan karon hasashe kawai na yi na tuge?

Tsohon Manomin Kura:

Ganyen ne zai gaya miki, Hajiya. Ki lissafa wata huɗu ko ɗan fiye daga ranar shuka, wato in kin sa ta a tsakiyar Nuwamba ki fara lura daga tsakiyar Maris. Idan kika ga kusan rabin ganyen, farawa daga na ƙasa, ya yi rawaya ya bushe, sai ki tone guda ɗaya ki duba ko ƙwayoyin sun rabu sun cika rigarsu. In sun cika, ki ɗauke ruwa gaba ɗaya na kwana 10 zuwa 14, sa'annan ki sassauta ƙasar ki zaro su a hankali, kada ki fizga ta wuya. Kada ki bar su su wuce lokaci a ƙasa, domin kan yakan buɗe, kuma buɗaɗɗen kai ba ya ajiyuwa. Ki ɗaure su da ganyensu dami-dami ki rataye a inuwa mai iska, kamar ƙarƙashin rumfa ko cikin zaure, na tsawon mako biyu zuwa uku, ba a ranar Maris ba, wadda za ta dafa miki su. Bayan sun bushe ki zaɓi kawuna mafi girma ki ware su a kwando, ba a leda ba, ki hana kowa taɓa su. Su ne irinki na Nuwamba mai zuwa.